Fina-finan tsira a daji: wanne darasi ne zai yi wa yaranmu amfani a Afadjato da Wli?

Baban_Matasa_Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Matasan unguwarmu su 15 suna shirin tafiya yankin Volta bayan Sallar layya. Za su hau dutsen Afadjato, washegari su nufi mafaɗar ruwan Wli ta sama. Shirin da suke yi har yanzu bai wuce kallon fina-finan mutanen da suka maƙale a daji ba, irin su 127 Hours da Into the Wild da The Revenant, kuma sun yi imani sun koyi abin da ya kamata. Masana a cikinmu, ku taimaka ku tace mana. Cikin abin da fina-finan nan ke nunawa, wanne ne gaskiya, wanne ne zai jefa yaro cikin halaka idan ya gwada shi a dajin Gana?

MalamTaswira

Wa alaikumus salam Baba. Mu fara da 127 Hours, tunda labarin gaskiya ne. Aron Ralston ya shiga wani matsattsen kwazazzabo a jihar Utah ta Amurka a watan Afrilu 2003, dutse mai nauyin kusan kilo 360 ya gangaro ya danne masa hannun dama. Ya kwana biyar a tsaye a wurin kafin ya karya ƙasusuwan hannun ya yanke shi da wuƙa marar kaifi. Yara suna fita daga kallon da zancen yankan hannu a bakinsu, amma kuskuren ya faru tun kafin ya bar gida: bai gaya wa kowa inda za shi ba. Shi ya sa ko da aka lura bai zo aiki ba, ba a san ta inda za a fara nemansa ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Saboda haka abu na farko, takarda. A rubuta sunan kowa da lambar wayarsa, garin da za a kwana, ƙauyen da za a fara hawa daga cikinsa (Afadjato ana hawansa ta Liati Wote ko ta Gbledi, a faɗi wanne), sunan ɗan jagora da lambarsa, lambar motar da ta kai su, da lokacin da ake sa ran saukowa. Sai a ƙara layi ɗaya da ya fi sauran muhimmanci: "Idan ƙarfe 6 na yamma ta yi ba ku ji daga gare mu ba, ku kira wane." A bar kwafi ɗaya a Kumasi wajen babba wanda ba ya kashe wayarsa, ɗaya kuma a ofishin masu karɓar baƙi a ƙauyen.

DanAsawase88

Ni dai ban ga amfanin fina-finan nan gare mu ba. Ƙanƙara ce da dabbar beyar da sanyin da ke cinye yatsu. Afadjato, awa ɗaya ko sama da haka kaɗan ka kai ƙololuwa. Abin da zai kayar da yaro a can zafi ne, da santsi, da maciji, da ƙudan zuma. Wane fim ne ya koya wannan?

MalamTaswira

@DanAsawase88 ƙanena, yanayin ya bambanta, amma kurakuran iri ɗaya ne. Duba Into the Wild. Christopher McCandless ya shiga dajin Alaska a Afrilu 1992, ya tsallaka kogin Teklanika lokacin ruwan bai taka kara ya karya ba. Da ya zo komawa a Yuli, ƙanƙara ta narke, kogin ya cika ya batse, ya koma cikin tsohuwar motar bas ɗin da yake kwana, a can ya rasu a Agusta. Ƙasa da kilomita ɗaya daga inda ya tsaya akwai igiyar ƙarfe da kwandon tsallaka kogi, amma ba shi da cikakkiyar taswirar da za ta nuna masa. Cire ƙanƙara ka sa ruwan sama, ka samu labarin rafukanmu. Rafin da ka taka da safe ruwa iya idon sawu, in an yi ruwa a saman dutse, da la'asar zai iya kai maka ƙugu, ko da ɗigo bai sauka a inda kake ba.

Alamar ita ce ruwan ya rine ya koma ja, yana ɗauke da ganye da ƙirare. In ya wuce gwiwa kuma yana gudu, ba a shiga, a zauna a jira ya janye. In dole ne a tsallaka marar zurfi, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu don a iya yar da ita in an faɗi, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a dogara sanda, a bar takalmi a ƙafa.

Kuma motar bas ɗin nan sai da hukumomin Alaska suka ɗauke ta da jirgi mai saukar ungulu a Yuni 2020, saboda masu zuwa ganinta suna ta maƙalewa, har mutum biyu suka nitse a wannan kogin. Yawancinsu labarin ne ya ja su.

Sarkin_Fawa_Alabar

Abin da ya fi ba ni tausayi a labarin yaron nan nama ne. Ya harbi babbar dabba wadda za ta ciyar da shi watanni, ya tsaya yana ƙoƙarin banda manyan gunduwoyi, ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta cinye. Duk mai kilishi ya san ba haka ake yi ba. A feɗe nan take, a fitar da kayan ciki, a yanyanka tsoka falle-falle yadda haske zai iya ratsawa, a shanya a sama inda iska ke kaɗawa, hayaƙi kaɗan a ƙasa don korar ƙuda. Gunduwa mai kauri bayanta ne ke bushewa, cikinta na ruɓewa.

DanAsawase88

Gaskiya ne Sarki, amma kada yara su ji wannan su ɗauka farauta za su. Wli cikin gandun Agumatsa yake, wurin da hukuma ke karewa. Ko jemagun da ke manne a jikin dutsen ba a taɓawa.

Sarkin_Fawa_Alabar

Haka ne. Su sayi kilishinsu daga gida, shi da dabino da gyaɗa da garin rogo da suga. Ba sa lalacewa, ba su da nauyi. Waken da aka ƙunsa tun asuba cikin leda, kafin azahar ya fara tsami a wannan zafin.

Anti_Nas_Tafo

Bari in shigo ta ɓangaren jinya, don akwai abu biyu da fina-finan nan ke cusa wa mutane da ke tayar mini da hankali.

Na farko, ƙona ciwo. A The Revenant an nuna mutum ya zuba albarushi a raunin wuyansa ya kunna wuta. Kada kowa ya gwada, ko da wuƙa mai zafi. Ƙuna tana kashe nama, mataccen nama kuma shi ƙwayoyin cuta ke so. Abin da ke tsayar da jini dannawa ce: tsumma mai tsabta ko bandeji a kan ciwon, a danna da ƙarfi minti 10 cur ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In jini ya ratso, a ƙara wani tsumman a kai, kada a cire na farko. In ya tsaya, a wanke ciwon da ruwan sha mai yawa. Ledar ruwa da aka huda ƙaramin rami a kusurwarta tana feso ruwa da ƙarfin da zai fitar da ƙasa da tsakuwa.

Na biyu, ɗaure hannu ko ƙafa tamau. Ralston ya yi, kuma a wurinsa daidai ne, don jijiyar jini ya yanke. Wannan ɗaurin na jinin da ke tsartuwa ne wanda dannawa ta kasa tsayarwa. Ana yin sa da abu mai faɗi kamar ɗankwali da aka ninka, ba igiyar takalmi ko waya ba, santimita 5 zuwa 7 sama da ciwon, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Ba a kwancewa sai a asibiti. Amma mutanenmu sun ɗauki wannan ɗaurin sun kai shi kan saran maciji, a nan ne ake asarar ƙafafu.

Hajiya_Sawaba

Anti, to in maciji ya sari yaro a tsakiyar dutse me za a yi? Mu dai mun tashi mun ga ana ɗaurewa a tsaga a tsotse.

Anti_Nas_Tafo

Hajiya, duka ukun a bar su. Tsagawa tana ƙara zubar jini, musamman in kububuwa ce, don dafinta hana jini daskarewa yake yi. Tsotsa ba ta fitar da komai. Ɗauri kuma yana tare dafin kasa da na gamsheƙa a wuri ɗaya su ci naman, ga kuma jini ba ya zuwa.

Ga abin yi. A janye shi daga inda macijin yake, kada a tsaya neman kashe shi. A kwantar da shi, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, agogo, awarwaro, takalmi, tun kafin kumburi ya zo. A sa wa ƙafar ko hannun sanda a naɗe sako-sako kamar yadda ake wa karaya, don kada ya motsa. A ɗauke shi, kada ya taka in da hali: sanduna biyu masu ƙarfi da riguna uku da aka zura su ta hannuwa sun isa abin ɗauka. A rubuta lokacin saran, a zana iyakar kumburin da biro. In ciwo ya yi yawa a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin, ban da ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jini. Sai asibiti mai allurar kashe dafi, kuma a tambayi ɗan jagora wanne ne mafi kusa tun kafin a fara hawa. In gamsheƙa ta tofa a ido, a yi ta zuba ruwa mai yawa na tsawon minti 15 ko fiye, kada a murza.

Kasa kuma ba ta gudu in ta ji motsi, kwanciyarta take yi cikin busasshen ganye, launinsu ɗaya. Shi ya sa silifas ba takalmin dutse ba ne. Takalmi rufaffe, dogon wando, kuma ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin gungume.

Alhaji_Zango_Tuda

'Yata, baƙin dutse fa? Ana sayar da shi, kuma mutane da yawa sun ce ya yi musu aiki.

Anti_Nas_Tafo

Baba Alhaji, da girmamawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ta ce a guje wa. Dalilin da ya sa ake ganin kamar yana aiki shi ne ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba, kuma ba kowane maciji ne mai dafi ba. Wanda ya warke dama zai warke. Wanda dafi ya shige shi kuwa, awannin da aka ɓata ana jiran dutse ya faɗo su ne awannin da allura za ta cece shi.

Alhaji_Zango_Tuda

To na ji. Amma ban gamsu duka ba. A tafi asibiti dai, wannan ba gardama.

Injiniya_Ruwa

A koma kan ruwa, don shi ne zai fara kayar da su kafin maciji. Ruwan da ya rage wa Ralston lokacin da dutsen ya kama shi bai wuce lita ɗaya ba, wato bai fi ledar ruwa biyu ba, tunda tamu mililita 500 ce. Mai hawan dutse a zafinmu yana buƙatar rabin lita zuwa lita ɗaya duk awa. Wli ta sama tafiyar awanni ce da hawa mai tsauri, don haka kowane yaro ya ɗauki aƙalla lita 3, leda 6 ke nan, kilo 3 a baya. Gora ta fi leda, leda tana fashewa a jaka, kuma in an sha a dawo da ledar gida. A riƙa kurɓa duk minti 15 zuwa 20, kada a jira ƙishi. Fitsari ya yi duhu ya ragu, ciwon kai, jiri, ɗaurewar jijiyar ƙafa, duk alamun a tsaya a inuwa ne. A haɗa ruwan gishiri da suga: lita 1, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko a sayi na ƙunshi a kemis, ya fi sauƙi. In yaro ya fara sambatu ko tangaɗi jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce gajiya. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa sharkaf, a yi ta fifita, a nemi taimako nan take.

Shan fitsari da ake nunawa a fim, a bar shi. Gishiri ne da dattin da jiki ya fitar, ƙara wa ƙoda aiki yake yi.

Ruwan rafi kuwa, a tace da tsumma, a tafasa ya yi ɓulɓul minti 1, ko a jefa ƙwayar kulorin a jira minti 30. Amma ku ji wannan da kyau, mu da ke yankin Ashanti: tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire gubar makuri. Duk rafin da galamsey, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, ya taɓa, irin Offin da Pra da Birim, ko rafin da ya yi kalar koko, ba a sha ko an tafasa. Babu fim ɗin Turawa da zai gaya muku wannan.

Malam_Ladan_Yalwa

Ƙari a kan maganar Injiniya. Yaranmu masu sallah ne, kuma za su ji nauyin barin alwala. In ruwan da ke hannu na sha ne kuma ana tsoron ƙishi, shari'a ta yarda a yi taimama, a bar ruwan don rai. Matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru. Sannan akwai hadisin da ya ce in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba. Mutum 15 ba shugaba, kowa da ra'ayinsa a mararraba, haɗari ne. Kuma wanda zai ce ai komai ƙaddara ce, a tuna masa an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

DanAsawase88

Akwai abin da nake ji ana maimaitawa, wai in ka ɓata ka bi rafi zai kai ka gari. Wannan fa?

MalamTaswira

A fili mai shimfiɗe yana iya yin aiki. A duwatsun Volta da na Kwahu, rafi bakin gangare yake kai mutum, don a nan ruwan ke faɗowa. Ga duwatsun gefen rafi da gansakuka, santsi kamar sabulu. Wanda ya ɓata, da zarar ya gane, ya tsaya cak. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tuna wuri na ƙarshe da ya tabbatar yana kan hanya. In bai wuce 'yan mintuna ba kuma yana ganin sawunsa, ya koma. In ba haka ba, ya zauna a nan, don masu nema daga hanya suke farawa, duk takun da ya ƙara yana faɗaɗa musu wurin nema ne. Kowane yaro ya rataya usur a wuya, ba a cikin jaka ba. Busa uku, a dakata, a sake. Murya tana dishewa cikin awa guda, usur ba ya gajiya, kuma yana ratsa ƙarar ruwa.

Tsarin tafiya: ɗan jagora a gaba, babba mai ƙarfi a can baya wanda ba wanda zai bari a bayansa, a tafi da saurin wanda ya fi kowa rauni, a ƙirga kai a duk inda aka huta.

Hajiya_Sawaba

Ɗan jagoran ma a duba shi. Akwai fim ɗin Jungle, labarin Yossi Ghinsberg a dajin Bolibiya a 1981. Wani mutum suka haɗu da shi a gari ya ce ya san dajin, suka bi shi su uku. Daga baya suka rabu biyu-biyu, shi Yossi ya yi mako uku shi kaɗai kafin a same shi, jagoran da ɗayan abokin kuma ba a sake ganinsu ba. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ba duk wanda ya tare ka a tasha ya ce shi ɗan gari ne za ka miƙa wa 'ya'yan mutane ba. A je ofishin ƙauyen, a biya, a karɓi rasit, su ba da mutuminsu. Mutum 15 ma jagora biyu ya kamata, don in wani ya yi targaɗe ɗaya ya sauko da shi.

Anti_Nas_Tafo

Hajiya ta tuna mini. A wannan labarin ƙafafunsa ne suka fara lalacewa saboda jiƙa kwana da kwanaki. Safa biyu a cikin leda, a canza in ta jiƙe. Sabon takalmi kuma a fara sa shi mako biyu kafin tafiya. Inda aka ji ya fara zafi a diddige, a manna filasta tun bororo bai fito ba.

Dan_Waya_Kejetia

Maganar waya. Lambar gaggawa a Gana 112 ce, motar asibiti 193. Amma cikin kwari sau da yawa ba sabis, kuma Wli bakin iyakar Togo yake, waya tana iya tsallakawa ta kama layin can. Neman sabis shi ke shanye batir, don haka a sa wayoyi a yanayin jirgin sama, a bar biyu kawai a kunne, ɗaya MTN ɗaya wani layin daban. A sauke taswirar yankin a Google Maps tun daga gida, alamar inda kake tana aiki ko ba intanet. In kira ya ƙi shiga a tura saƙon tes, yakan fita da sandar sabis ɗaya. A rubuta gajere: mu nawa ne, me ya faru, lambobin wurin daga taswira, ƙarfe nawa. Waya a cikin leda mai zif. Tocilar goshi daban, kada a dogara da ta waya.

DanAsawase88

Tocila dole. Rana a nan wajen ƙarfe 6 take faɗuwa duk shekara, kuma a ƙarƙashin itatuwa duhu yana rigan haka. A fara hawa da sassafe, a sa lokacin juyawa, misali ƙarfe 1 na rana, ko an kai ko ba a kai ba. Saukowa ce ma ta fi kayar da mutane, ƙafa ta gaji, gwiwa na rawa.

Ba wanda ya amsa mini zancen zuma. Ban da turare mai ƙarfi. In suka taso, a rufe fuska da riga a bar wurin da sauri ta kan hanya, ba ta gefen gangare ba, kada a tsaya kaɗe-kaɗe, kada a faɗa ruwa don za su jira. A kankare ƙarin da farce da wuri. A tambayi yaran tun yanzu ko akwai wanda harbin zuma ke kumbura masa fuska ko toshe masa numfashi, da masu asma.

Injiniya_Ruwa

Baba, akwai abin da ban ji an taɓo ba, kuma ba fim ba ne, a ƙasar nan ya faru. A watan Maris 2017 a mafaɗar ruwan Kintampo, guguwa da ruwan sama suka kayar da babban itace a kan masu wanka, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare. Allah Ya jiƙansu. In hadari ya haɗo, a fita daga ruwa, a bar ƙarƙashin mafaɗar da manyan itatuwan da ke bakin dutse. A ƙololuwar Afadjato kuma tsawa ce abin tsoro. Ka ga walƙiya ka ƙirga: duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙarar ta zo kafin ka kai 30, a sauka daga tudu, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, a warwatsu kada a cure wuri ɗaya, a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Sallar bana cikin damina ta faɗo. Ni shawarata a ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Nuwamba.

Baban_Matasa_Aboabo

Amin. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na kwafe maganar takarda, usur, lita 3, jagora biyu, da bayanin Anti a kan maciji, zan karanta musu ranar Juma'a. Ɗaga tafiyar ne zai yi wuya, don hutun da suke da shi ke nan.

MalamTaswira

In ba za a ɗaga ba, a rage. Afadjato da sassafe, a sauko kafin azahar. Wli a tsaya a ta ƙasa, hanyarta shimfiɗaɗɗiya ce da gadoji, ƙasa da awa guda. Ta sama a bar wa jagora hukunci a safiyar ranar, in an kwana ana ruwa a haƙura.

DanAsawase88

Ni ban yarda da Nuwamba ba ma. Daga Disamba hunturu ya shigo, ƙura ta rufe komai ba abin da za su gani daga sama, ciyawa ta bushe, ga gobarar daji. Agusta fa, lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa?

Injiniya_Ruwa

Tsagaitawar Agusta ta fi tabbata a bakin teku da nan Kumasi. A duwatsun wajen garin Hohoe, inda Afadjato da Wli suke, ba zan dogara da ita ba. Baba, a kira ofishin Liati Wote da na Wli a tambaye su halin hanyar a wannan watan kafin a biya kuɗin mota.

Hajiya_Sawaba

Kuma a tambaye su ko jagora biyu za su samu a ranar, don bayan Sallah baƙi suna yawa. Baba, 'yan mata nawa ne cikin su 15 ɗin? In akwai, a samu babbar mace ta bi su.